Tambaya da Amsa: In ba wuta ba batir, da me za a gane tururin nukiliya?

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Saƙonnin wannan karon kusan duk hanya ɗaya suka bi, wato in aka wayi gari an yi yaƙin nukiliya komai ya tsaya, ba wutar lantarki ba masana'anta ba intanet, ta yaya waɗanda suka rage za su san inda radiyeshin, wato tururin nukiliya da ido baya gani, yake su kauce masa. Na zaɓo guda biyar, na gajarta wasu saboda tsawo.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ƙagaggen labari nake rubutawa, a ciki an yi yaƙin nukiliya duniya ta watse, mutanen labarin suna yawo daga wani kango zuwa wani. Ina so su riƙa gane wajen da ke da haɗari amma bana so in ba su na'urar da hankali ba zai ɗauka ba. Akwai abin da mutum zai iya haɗawa da hannunsa daga tarkace ya auna radiyeshin? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Akwai, kuma ba sai ka ƙirƙiro komai ba, an riga an yi shi an gwada. A shekarun 1970 wani mai bincike a cibiyar Oak Ridge ta Amurka, sunansa Cresson Kearny, ya zauna shi da abokan aikinsa a kan irin tambayar nan taka, suka fito da ma'aunin da ake kira KFM, rahotonsa ya fita a 1978. Kayan haɗinsa gwangwani ne ƙarami mai faɗin kusan santimita 6 da rabi, da takardar alminiyam irin ta naɗe abinci, da zaren nailan, da leda mai haske da za a rufe bakin gwangwanin, da wani abu mai shanye danshi. Ba batir a ciki ba waya ba komai.

Bari in ɗan tsaya a kan yadda yake aiki dan in ka gane shi ka gane rabin maganar yau. Ka san in ka goga matajin roba a gashi ka kai shi kusa da yagaggiyar takarda sai ta yi tsalle ta manne masa? Toh wannan lantarkin na guga shine man da na'urar ke sha. Ana ninke takardar alminiyam ɗin rufi 8 a yi ganye biyu da ita, a rataye su da zare a tsakiyar gwangwanin suna fuskantar juna ba tare da sun taɓa jikin ƙarfen ba, sai a goga roba da busasshiyar takarda a zuba musu caji ta wata 'yar waya da ta ratso murfin. Tunda caji iri ɗaya ne a jikinsu sai su ƙi juna, kowanne ya ja gefe, su buɗe kamar bakin almakashi. In iskar ciki a bushe take kuma ba abin da ya dame ta haka za su daɗe a buɗe. Amma radiyeshin nau'in gama yana ratsa gwangwanin kamar babu shi, in ya shiga sai ya farfasa ƙwayoyin iskar ciki su zama masu ɗaukar caji, su kuma su riƙa kwashe cajin ganyen kaɗan kaɗan, ganyen su fara komawa kusa da juna. Saurin rufewarsu shine awon. Akwai 'yar rula ta milimita a manne a murfin, ka leƙa daga sama ka karanta tazarar, ka jira wani lokaci ƙayyadadde ka sake karantawa, sai ka duba jadawalin da ke manne a jikin gwangwanin. In tazarar ta ragu da milimita 2 cikin awa ɗaya kana wajen rontijin 0.03 ne a awa (rontijin shine ma'aunin yawan radiyeshin), in kuwa ta ragu da milimita 14 cikin daƙiƙa 15 kacal toh rontijin 43 kenan a awa, kuma dan ka ga nauyin lambar, rontijin 400 zuwa 450 in ya taru a jiki cikin ɗan lokaci yana kashe kusan rabin mutanen da suka sha shi in ba magani. Kaga mutum zai iya lissafa awa nawa gare shi a waje.

Ni na taɓa haɗa mai sauƙinsa da kwalba da waya da siraran alminiyam biyu, ba dan auna nukiliya ba, dan dai in ga abin da idona. Ranar farko iska a bushe, ina kai matajin ganyen suka buɗe tsaf suka tsaya har na gaji da kallo. Bayan kwana biyu aka yi ruwa, na goga na goga sai su ɗan motsa su koma su manne nan take. Danshi ne ya kwashe cajin, kuma wallahi da a ce a cikin tashin hankali nake da sai in ɗauka radiyeshin ne ya cika ɗakin. Shi ya sa Kearny ya matsa a kan abin shanye danshi a gindin gwangwanin, ya ce a ɓantaro jifsam daga allon filastar bango a gasa shi sosai har ruwan jikinsa ya fita, 'yan ƙwayoyin silika ɗin nan da ake sakawa cikin kwalin sabon kaya suma suna yi in an busar da su. Haka zaren, in ka taɓa shi da yatsa mai gumi ko maiƙo ka buɗe wa cajin hanyar zurarewa kenan. Dan haka a labarinka mai riƙe da gwangwanin ya zama mutum mai tsafta da haƙuri, wanda ya gwada kayansa tun a waje mai lafiya ya san yadda ganyensa ke yi in ba komai.

Sai dai ka duba shekarun labarinka. KFM an yi shi ne dan kwanaki da makonnin farko lokacin da ƙurar da bam ke zubowa bayan fashewa ke da zafi. In shekara 20 ko 30 ce ta wuce yawancin wurare sun sauko ƙasa da abin da zai iya gani, sai in an yi karo da wani abu mai ƙarfi a kusa. A nan mutanenka suna buƙatar ɗan'uwansa da aka fi ƙera shi da kyau, rufaffe ruf, mai siririn ganye da gilashin ƙara girma, a riƙa barinsa awanni. Kuma wannan ma ba mafarki bane, da irinsa Victor Hess ya hau balan-balan a 1912 har sama da mita 5,000 ya gano akwai radiyeshin da ke zuwa daga sararin samaniya, ya samu kyautar Nobel a 1936 a kan haka. Al'ummar da ke da maƙeri da mai aikin gilashi za ta iya kaiwa nan.

TAMBAYA: Malam ni a ganina ba sai an sha wahala ba, ai dabbobi suna jin abin da bama ji. In ka ga waje ba tsuntsu ba ciyawa ka san da matsala, ko kuma a riƙa tafiya da tsuntsu a keji yadda masu haƙar kwal suke yi a da. Ko ba haka ba? Daga wani ɗalibi.

AMSA: Ɗan'uwa wannan tunanin shine nafi jin tsoro a duk saƙonnin, dan mai shi zai shiga wajen mutuwa hankalinsa kwance. Tsuntsun masu haƙar kwal iskar guba yake ji, ita kuwa tana kayar da shi cikin mintuna kafin ta kayar da mutum. Radiyeshin ba haka yake ba, ba wari ba ɗanɗano ba launi, kuma yana yin ɓarnarsa ne a ɓoye cikin ɓargo da hanji sai bayan awanni ko kwanaki ta fito fili. Kafin tsuntsun ya nuna alama kai da ke riƙe da kejin ka sha daidai abin da ya sha.

Ciyawa ma bata da tabbas. Gaskiya ne bayan haɗarin tashar nukiliya ta Chernobil a ƙasar Yukiren na 26 ga Afrilu 1986 itatuwan fayin da ke dab da tashar sun mutu sun koma ja har ake ce wa wajen Jan Daji, amma wannan a inda abin ya yi tsanani ne matuƙa. Yau yankin da aka kwashe mutane cike yake da itatuwa da kyarkeci da aladun daji da dawakai, kore shar, alhali akwai wuraren da ƙasarsu har yanzu bata da kyau. Kaga kenan mutuwar itace tana iya zama gargaɗi, amma rayuwarsa ba shaidar lafiya ba ce.

Abin da ido ke iya gani kaɗan ne kuma ya kamata kowa ya haddace shi. A 1 ga Maris 1954 Amurka ta gwada bam a tsibirin Bikini, bayan wasu awanni farar toka ta riƙa zuba a kan wani jirgin kamun kifi na Japan mai mutum 23, duk suka kwanta ciwo, a tsibirin Rongelap kuwa yara har wasa suka yi da ita dan basu san mece ce ba. A 1987 a garin Goyaniya na Brazil masu tsintar ƙarafa suka fasa wata na'urar asibiti da aka yasar, hodar da ke ciki tana haske shuɗi a duhu, mutane suka yi ta sha'awa suna rabawa 'yan'uwa, sinadarin siziyam-137 ne, mutum 4 suka rasu ciki har da yarinya 'yar shekara 6, sai da aka auna mutum kusan 112,000. A ƙarshen 2001 a ƙasar Jojiya wasu masu saran itace su 3 suka tsinci gwangwanayen ƙarfe biyu masu ɗumi, ƙanƙara ta narke a kewayensu, suka kwana suna jin ɗuminsu, ashe sitironshiyam-90 ne. Toh toka mai sauka bayan fashewa, ko ƙarfe mai ɗumi ba wuta, ko abu mai haske da kansa, ko ƙaramin abu mai nauyin da ya wuce girmansa saboda dalmar da aka lulluɓe shi da ita, duk waɗannan ka bar wajen da sauri kar ka taɓa. In kuma mutane da yawa suka fara amai tare cikin awa ɗaya ko biyu da shiga wani waje, sun sha da yawa, a fitar da kowa.

TAMBAYA: Me zai hana mutum ya sayi na'urar Gaiga mai ƙara ɗin nan ya ajiye kawai? Daga wata mai karatu.

AMSA: 'Yar'uwa babu abin da zai hana, in da hali ma yana da kyau, dan ta fi gwangwani jin ƙaramin radiyeshin nesa ba kusa ba. Hans Geiger da Walther Müller ne suka kammala bututunta a 1928, bututu ne mai iskar gas kaɗan da siririyar waya a tsakiya, yana son wajen bolt 400, duk ƙwayar da ta ratsa sai ya yi ƙas. Wutar da take ci kaɗan ce, ƙaramin faifan sola ko janareton hannu zai riƙe ta. Matsalar tana wajen daɗewa, batir yana zubewa ya cinye ƙarfen ciki, bututun in ya tsage ko gas ɗinsa ya lalace ba a gyara shi a gida, sannan bam ɗin da aka fasa can sama yana sakin wani bugun lantarki mai ƙona na'urori, a gwajin da Amurka ta yi a Yulin 1962 a sama da tekun Fasifik fitilun titi kusan 300 suka mutu a Hawaii mai nisan kilomita 1,400 da wani abu.

Akwai kuma abin da masu saye basu cika sani ba. Yawancin ƙananan Gaiga an yi su ne dan ƙaramin awo, in radiyeshin ya yi yawa sai su cika su toshe, wasu tsofaffin ma sai allurar ta faɗo ƙasa kamar ba komai. A daren Chernobil ma'aunan da ma'aikata suka fara samu iyakarsu rontijin 3.6 a awa, allura ta kai ƙarshe ta tsaya, aka kai rahoton wannan lambar alhali a wasu wuraren abin ya kai dubbai. Dan haka duk ma'aunin da ke hannunki ki san iyakarsa, in ya kai ƙarshe ma'anarsa abin ya fi haka, ba wai iya nan ya tsaya ba.

In ni za a tambaya abin da zan haɗa da ita, ma'aunin nan ne mai kamar biro da ma'aikatan nukiliya ke maƙalawa a aljihu. Shima ɗan gidan su gwangwanin ne, siririn zaren kwaz ne a ciki maimakon ganye, ki ɗaga shi wajen haske ki leƙa ki ga jimillar abin da jikinki ya sha. Karanta shi baya buƙatar batir, kuma akwai cajarsa ta matsawa da hannu.

TAMBAYA: Malam na ji ance da fim ɗin hoto aka fara gano radiyeshin. Zai yi amfani? Daga wani tsohon mai ɗaukar hoto.

AMSA: Haka ne Baba, kuma ku da kuka yi aikin ɗakin duhu kun fi mu sanin halin fim. A 1896 Henri Becquerel a Faris ya ajiye gishirin yuraniyam a kan farantin hoto da ke naɗe cikin baƙar takarda a aljihun tebur saboda hadari ya hana rana fitowa, da ya wanke sai ga tabo ya fito. A 1945 kamfanin Kodak ma ya ga fim ɗinsa yana ɗige-ɗige, da suka bi sawu sai suka tarar kwalin da ake naɗe fim ɗin ne ya kwaso burbushi daga ruwan kogi a jihar Indiyana, burbushin kuwa na gwajin bam na farko ne da aka yi a New Mexico ranar 16 ga Yuli, nisan sama da kilomita 1,500.

Amma fim labarin jiya yake bayarwa, sai an wanke ake sanin abin da ya riga ya faru, ga shi yana tsufa ga maganin wanki sai an nema. Inda nake ganin amfaninsa shine a binne shi a naɗe a gona ko a ajiye a ɗakin da ake son zama na wasu makonni, a ajiye ɗan'uwansa a wajen da aka yarda da shi, a wanke su tare a kwatanta duhunsu. Dan tafiya ko gudu kam ba zai yi ba.

TAMBAYA: Ni damuwata yara. In mun ɓuya, da gwangwanin nan zan iya gwada ruwa da abinci kafin in ba su? Kuma yaushe ake fitowa? Daga wata uwa.

AMSA: Allah ya raya su Hajiya. Amsar farko a'a, kuma ina roƙonki ki riƙe wannan da kyau. Mafi ƙarancin abin da gwangwanin ke gani ya ninka radiyeshin ɗin da ke kewaye da mu kullum sau dubbai, ruwa kuwa zai iya ɗaukar abin da zai cutar da yaro a hankali ba tare da ganyen sun ko motsa ba, tunda shi wannan ciki yake shiga ya zauna. Aidin-131 maƙogwaro yake tafiya, sitironshiyam-90 jiki yana ɗaukarsa kamar sinadarin ƙashi ya ajiye shi a ƙashi. Bayan Chernobil ta madarar shanun da suka ci ciyawa mai ƙura aidin ya shiga jikin yara, zuwa 2005 an samu sama da mutum 6,000 da kansar maƙoƙo cikin waɗanda suke yara a lokacin.

A nan dabara ta fi awo. Radiyeshin gama in ya ratsa ruwa ko abinci baya mayar da su guba, ƙurar ce matsala, dan haka duk abin da ke rufe ruf tun kafin ƙurar ta sauka lafiyarsa ƙalau, ki goge bayan mazubin kafin ki buɗe ki wanke hannu. Ruwan ƙarƙashin ƙasa da ke rufe ya fi na tafki da na rufin ɗaki. Tafasawa tana kashe ƙwayar cuta amma bata cire wannan, abin da ke ragewa shine a bar ruwan ya kwanta a tace shi ta cikin ƙasa mai yumɓu da aka tono daga can ƙasa. Madarar dabbar da ke kiwo a fili a haƙura da ita tukuna, aidin-131 yana raguwa da rabi duk kwana 8, bayan wata 3 kusan babu shi. Siziyam da sitironshiyam ne masu daɗewa, su sai kusan shekara 30 kafin su ragu da rabi.

Maganar fitowa kuwa nan ne gwangwanin ke da rana. Ƙurar bam tana hucewa da sauri a farko, masana suna lissafa ta da 7 da 10, duk sanda lokaci ya ninka sau 7 ƙarfinta yana raguwa sau 10. In awa ɗaya bayan fashewa ana samun rontijin 1,000 a awa a waje, bayan awa 7 ya koma 100, bayan kwana 2 ya koma 10, bayan sati 2 ya koma 1. Shi ya sa kwana biyun farko su ne kar kowa ya leƙa, kuma shi ya sa agogo yake da daraja a maɓoya, wanda ake murza wa wani da hannu ba mai batir ba, da fensir da littafin da za ki riƙa rubuta lokaci da abin da ganyen suka nuna. Ki auna a kusurwoyi daban daban na maɓoyar, inda ganyen suka fi jinkirin rufewa nan za ki kwantar da yaran, inda suka fi sauri ki jibga ƙasa ko littattafai ko jarkokin ruwa, ƙasa mai kaurin santimita 9 tana rage gama da rabi, kankare santimita 6, ruwa santimita 18. In dole sai wani ya fita neman ruwa babba ne zai fita ba yaro ba mai ciki ba, ya rufe hanci da baki, ya yi sauri, in ya dawo ya tuɓe kayan saman a bakin ƙofa ya wanke jiki da gashi kafin ya matso kusa da su.

Jadawalin nan da zanen yadda ake yanka ganyen, waɗanda ke cikin rahoton Kearny, ki samo su ki buga a takarda tun yanzu ki sa a leda tare da zaren da rular, dan girman gwangwanin da nauyin ganyen sai sun yi daidai da zanen kafin lambobin su yi aiki, ranar da ake buƙatarsu kuma waya ba za ta buɗe ba. Ki zauna da babban cikin yaran ku haɗa guda ɗaya tare wata ranar hutu, ki bar shi ya goga robar da hannunsa har ganyen su buɗe.